Yadda Ake Mayar Da Tsohuwar Na'urar Busar Da Tufafi Injin Kankare Tsatsa Da Goge Ƙarfe

Duk bakanike ko maƙeri ko mai gyaran babur ya san gwangwanin nan da ke lungun shago, wanda aka cika da noti da kusoshi da woshoshi da suka yi tsatsa. Ba a zubar da su saboda kuɗi ne, ba a kuma amfani da su saboda kankare su ɗaya bayan ɗaya da buroshin waya yana cinye yini guda. A masana'antu ba a yin wannan aiki da hannu. Ana zuba ƙarafan ne cikin ganga tare da yashi ko tsakuwa, a bar gangar tana juyawa, su yi ta gurzar juna har tsatsa da kaifin baki su fita.

Irin wannan inji yana da tsada idan sabo ne, amma kusan duk abin da yake buƙata yana cikin na'urar busar da tufafi: ganga, moto, bel, boris da akwatin ƙarfe da ya riƙe su. A Turai da Amurka masu ƙananan sana'o'i sun daɗe suna mayar da tsofaffin na'urorin nan injin gurza. A ƙasar Hausa kuwa, inda rana ke shanya kaya kyauta, waɗanda suka shigo cikin kayan gwanjo kan ƙare a hannun 'yan gwangwan da zarar hitarsu ta ƙone, alhali hitar ita ce abu na farko da za a cire a wannan aiki.

Yadda gurzar ke aukuwa

Idan ganga tana juyawa, bangonta yana ɗaga abin da ke ciki zuwa wani tsayi, daga nan nauyi ya rinjaya, kayan su gangaro. A wannan gangarowa ne ake samun gurza, domin saman tarin yana zamewa a kan na ƙasa. Saurin juyawa shi ke yanke irin aikin da za a samu. Idan ya yi ƙasa sosai, tarin zai riƙa zamewa gaba ɗaya a kan bangon ba tare da ya jujjuya ba. Idan ya ɗan yi yawa, kayan za su riƙa tashi sama suna faɗowa da ƙarfi, su lotsa juna, su lotsa gangar. Idan ya wuce iyaka, sai su manne da bango suna zagayawa tare da shi, babu gurza ko kaɗan.

Akwai lissafin gano wannan iyaka. Ana auna faɗin gangar da mita, a fitar da tushen murabba'insa, a raba 42.3 da abin da aka samu. Amsar ita ce yawan juyi a minti ɗaya da zai sa kaya su manne. Gangar da faɗinta ya kai santimita 56, kamar ta yawancin na'urorin Turai, iyakarta juyi 57 ne a minti. Ita kuwa na'urar busar da tufafi tana yin kusan juyi 50 a minti, wato dab da iyakar. Da gangan aka yi ta haka, don ta ɗaga riga har sama ta sako ta cikin iska mai zafi. Wannan ya dace da tufafi, amma noti da kusoshi idan aka zuba su kai tsaye a wannan sauri, jifa za su riƙa yi wa gangar.

Mafita mai sauƙi ita ce a sa ƙaramin mazubi a tsakiyar gangar. Bokitin fenti na lita 20 faɗinsa kusan santimita 30 ne, iyakarsa kuma juyi 77 a minti. Juyi 50 a wurinsa kusan kashi 65 cikin 100 ne na iyakar, wanda ya yi daidai da kankare tsatsa. Bututun ruwa na roba mai inci 6 iyakarsa ta kai juyi 109, don haka juyi 50 bai kai rabinta ba, kuma hakan ya dace da gogewa mai laushi. Ke nan ana iya rage ƙarfin jifa ba tare da an taɓa moto ba.

Wacce na'ura ta dace

Kafin a saya, a karanta takardar bayanin da ke manne a bakin ƙofa ko a bayan na'urar. Na'urorin Turai suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240 da mitar 50, irin wadda ake da ita a Najeriya da Nijar da Ghana. Na Amurka daban ne: hitarsu tana cin bolt 240, amma motonsu na bolt 120 ne mai mitar 60. Duk wanda ya jona wannan moto kai tsaye a wutar gida zai ƙona shi. Sai da taransifoma mai rage wuta, kuma ko da ita, zai yi gudu ƙasa da yadda aka tsara shi da kusan kashi ɗaya cikin shida, ya kuma fi saurin ɗaukar zafi.

Wadda ta fi sauƙin sarrafawa ita ce mai fitar da iska ta bututu, mai maɓallin lokaci da ake murɗawa da hannu. Wayoyinta kaɗan ne, motonta kuma mai sauƙi ne. Mai allon kwamfuta takan ƙi tashi idan ta ga babu hita, ko ta tsaya bayan 'yan mintuna saboda na'urar jin danshi ta sanar da ita kaya sun bushe. Sababbin nan masu kwamfireso irin na firiji kuwa a ƙyale su, domin akwai iskar sanyaya a cikinsu, wasu ma mai kamawa da wuta ce. Mai aiki da gas ana iya amfani da ita, amma sai an cire bawul da bututun gas gaba ɗaya.

A wurin saye, a juya gangar da hannu. Idan tana tafiya sumul ba ƙara, boris da ƙananan tayoyin da ke tallafe da ita suna da rai. A duba bel ko ya tsattsage. A nemi a jona ta a wuta don a ga moton ya tashi da kansa. Moton da ke gunji bai juya ba sai an tura shi, sau da yawa kafasito ne ya mutu, kuma wannan gyara ne mai araha.

Kayan da za a tanada

Sukudireba da filaya da sifana, mitar gwada wuta, bokitin fenti mai murfi ko bututun roba mai marufi biyu, tsohon tub na mota ko shimfiɗar roba, gutsattsarin katako, soson katifa, igiyar ɗaure kaya mai ƙugiya, makunni mai maɓallin kunnawa da na kashewa, fis, da waya mai jijiya uku. A haɗa da takunkumin hanci, tabarau da abin toshe kunne.

Mataki na 1: Cire wuta da buɗe akwati

A zare filogi daga soket kafin a taɓa ko kusa ɗaya. A cire murfin sama da na baya, sannan a ɗauki hoton wayoyin da yadda bel ya zagaye ganga da fulin moto da ɗan fulin da ke ɗame shi. Wannan hoto zai yi amfani wajen mayarwa. Kafasito yana iya riƙe wuta bayan an zare filogi, don haka a auna shi da mita, a tabbatar ya sauke kafin a kai hannu. A share duk audugar da ta taru a ciki, domin tana cikin manyan makamashin gobarar da irin wannan na'ura ke haddasawa.

Mataki na 2: Fitar da hita

Kashe maɓallin zafi bai isa ba. A cire wayoyin hitar daga tushensu, a naɗe bakinsu, a kwance hitar a fitar da ita daga akwatin. Dalili na farko shi ne gobara, tunda za a riƙa aiki da garin katako da ƙura. Na biyu shi ne kuɗin wuta. Hitar na'urar Turai tana cin wajen wat 2,000 ko fiye, ta Amurka kusan 5,000, moton kuwa 'yan ɗaruruwa kawai. Moto mai cin wat 200 idan ya yi awa huɗu bai kai yunit ɗaya ba, ya tsaya a 0.8. Hita mai wat 2,000 a awa huɗun nan yunit 8 za ta sha.

Mataki na 3: Fanka da hanyar iska

A yawancin na'urorin, moto ɗaya ne ke juya ganga da fankar da ke jan iska. A cire wannan fanka, a toshe hanyar iskar, don kada ta riƙa zuƙo ƙura tana watsawa cikin shago. Amma idan akwai ƙaramar fanka a jikin moton da ke sanyaya shi, kada a taɓa ta. A bar ramukan da iska ke shiga wurin moton a buɗe.

Mataki na 4: Haɗa wuta

Wannan aikin mai gyaran lantarki ne, ba wurin gwaji ba. Abin da ake so shi ne wuta ta bi ta fis, ta bi ta makunni, ta bi ta makunnin ƙofa, sannan ta isa moto. Makunnin ƙofa shi ne ke tsayar da ganga idan an buɗe, don haka a bar shi yana aiki. Wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, dole ta kasance a ɗaure da jikin akwatin, tunda ƙarfe ne kuma wani lokaci za a yi aiki da ruwa.

Akwai abin da ya shafi wuraren da ake yawan ɗauke wuta. Idan aka sa makunni na gama-gari, aka ɗauke wuta inji na aiki, zai tashi da kansa lokacin da aka dawo da ita, wataƙila hannun wani yana wurin bel. Makunnin da ke da maɓallin kunnawa da na kashewa daban, irin na injinan niƙa da na kafintoci, yana sakin wuta da zarar an ɗauke, ba ya kuma komawa sai an danna. Shi ya kamata a sa. Mai amfani da janareto ko inbata kuma ya tuna cewa moto yana jan wuta ninki da yawa a daƙiƙun farko na tashinsa.

Kada a yi ƙoƙarin rage gudun moton da maɓallin rage gudun fankar sama ko na rage hasken fitila. Irin wannan moto saurinsa yana bin mitar wuta ne. Rage masa ƙarfin wuta zai sa ya rasa ƙarfin ja, ya yi zafi, ya ƙone.

Mataki na 5: Zaunar da mazubi

A fara auna bakin ƙofa, a tabbatar bokitin zai shiga. Idan bai shiga ba, a nemi ƙarami ko a yi amfani da bututu. A shimfiɗa roba a cikin bokitin, domin tana rage ƙara, tana kare jikinsa, tana kuma kama kayan ta ɗaga su maimakon su riƙa zamewa. A kwantar da bokitin a tsakiyar ganga, bakinsa yana kallon ƙofa, a tokare shi da katako ta ɓangare uku ko huɗu, a cike giɓi da soso, a ɗaure. Fukafukan roba da ke cikin gangar suna taimakawa wajen riƙe katakon.

Abu biyu ne ba a sakaci da su a nan. Bokitin ya zauna a tsakiya sosai, in ba haka ba injin zai riƙa girgiza yana tafiya, boris ya lalace da wuri. Kuma kada a bar shi sake yana birgima a cikin ganga, domin zai yi ta dukan fukafukan har murfin ya ɓalle.

Wanda ke son amfani da gangar gaba ɗaya don manyan kaya sai ya rage gudunta zuwa rabi. Ana yin haka da ƙarin sanda a tsakanin moto da ganga: fuli mai santimita 5 a kan moto ya ja mai santimita 10 a kan sandar, ɗaya bakin sandar kuma a sassaƙa shi daidai da kaurin fulin moto na asali, ya ja bel ɗin ganga. Juyi 50 zai koma 25, ƙarfin ja kuma ya ninka. Masu ƙere-ƙere irin na kasuwar Panteka da ke Kaduna sun saba da irin wannan haɗi. Sai kuma a cire fukafukan, a lulluɓe cikin gangar da roba mai kauri, a toshe ramukanta.

Abin da ake zubawa tare da ƙarfe

Don tsatsa mai kauri, ana amfani da tsakuwa ƙanana ko fasassun tayil da aka daddatsa. Don tsatsa mai sauƙi, yashin kogi mai kaushi ya isa. Don share maiƙo da fitar da ƙyalli, ana amfani da busasshen abu mai laushi. A Amurka ɓawon goron da suke kira walnut da totuwar masara da aka ɓarza su ne aka fi sani. Totuwar masara tana ko'ina, haka ma ƙaiƙayin shinkafa da garin katako.

A zaɓi tsakuwar da ba za ta maƙale a ramin noti ba, ko dai ta fi ramin girma sosai ko ta fi shi ƙanƙanta sosai. A zuba kusan kashi uku na abin gurza a kan kashi ɗaya na ƙarfe, don ƙarafan su rage karo da juna. A cika mazubin zuwa rabi ko ɗan sama da haka. Idan ya cika maƙil babu wurin gangarowa, idan kuma ya yi kaɗan sai jifa.

Nauyi ma yana da iyaka. An ƙera yawancin na'urorin nan don kilo 6 zuwa 8 na tufafi, gangarsu kuma falle ce marar kauri. Yashi yana da nauyi: rabin bokitin lita 20 na yashi ya haura kilo 14, wanda ya yi wa na'urar yawa. Don haka mai aiki da yashi ko tsakuwa ya yi amfani da ƙaramin mazubi, ya auna komai a sikeli, ya tsaya a kan abin da aka rubuta a jikin na'urar. Babban bokiti ya fi dacewa da totuwa da ƙaiƙayi.

Gwajin farko

A kunna injin babu komai na minti biyar, a saurara. Sannan a sa rabin nauyin da aka yi niyya, a bar shi minti goma sha biyar, a kashe, a taɓa jikin moton. Ɗumi ba laifi ba ne, amma idan hannu ba ya iya daɗewa a kai ko ana jin ƙauri, nauyi ya yi yawa ko iska ba ta isa gare shi. Kunne ma yana faɗar gaskiya. Sauti mai ɗorewa kamar ana zuba tsakuwa daga kwando alama ce ta gurza mai kyau. Bugu mai tsalle-tsalle yana nufin jifa ake yi.

A riƙa buɗewa duk bayan awa ɗaya ana dubawa. Tsatsa mai sauƙi takan fita cikin 'yan awanni, ƙyalli kuma ya fi ɗaukar lokaci. A rubuta abin da aka zuba da tsawon lokacin da ya ɗauka, don aiki na gaba ya zo da sauƙi.

Ƙara ruwa kaɗan da ɗigon sabulun wanke kwano yana hanzarta aiki, yana kuma kashe ƙura. Sai dai gangar ba ta riƙe ruwa, moton kuma yana ƙarƙashinta, don haka ruwa sai cikin mazubi mai rufuwa gam, wanda aka gwada aka ga ba ya yoyo. A riƙa sassauta murfin lokaci-lokaci don iskar da ta taru ta fita. Ƙarfen da aka wanke yana sake tsatsa nan da nan, saboda haka a ɗauraye shi, a shanya a rana, a shafa masa mai a ranar.

Amfani ga masu aikin fata

Majema da dukawa ma suna da rabo a wannan inji. A ƙasashen waje masu jimar fatar dabbobi suna amfani da tsohuwar na'urar busar da tufafi marar hita don tausasa fata. A nan saurin asali na gangar da fukafukanta su ake so, domin ɗagawa da sakowar ce ke karya taurin fatar. Ana sa fatar da aka riga aka jeme, tana da sauran ɗan danshi, cikin buhu mai ƙarfi tare da garin katako, a ɗaure bakin. Garin yana tsotse maiƙo da danshi, buhun kuma yana hana ƙura isa ga moto. A riƙa dubawa a kai a kai. Injin da aka yi aikin tsatsa da shi sai an share shi tas, domin ƙarfe yana baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa.

Abubuwan da ba a sawa

Fetur, kananzir, tina da duk wani mai kamawa da wuta ba sa shiga wannan inji, ko da ɗan jiƙa tsumma ne. Tururinsu yana taruwa a cikin akwati, moto da makunni kuma suna iya yin tartsatsi. Kada a haɗa alminiyam da soda mai ƙuna, ko ƙarfe da ruwan batir, a rufaffen mazubi, domin suna fitar da iskar haidurojin mai fashewa.

Ƙurar busasshen yashi tana lalata huhu sannu a hankali, kuma ba ta da magani idan ta yi illa. A yi aikin a waje ko wuri mai iska, a sa takunkumi lokacin buɗewa da tankaɗewa. Kan batir da ƙarfe mai tsohon fenti suna iya ƙunsar dalma. Haka kuma kada wani ya mayar da injin abin niƙa dutsen ma'adini a cikin gida. A shekarar 2010 ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan jihar Zamfara.

Ta fuskar kayan aiki, boris, bakin injekta da duk abin da aka ƙera da awo mai tsanani ba a gurza su. Kusa mai zare a ɗaura mata noti don ya kare zaren. Kada a haɗa tagulla ko alminiyam da baƙin ƙarfe a zubi ɗaya, mai taurin zai kakkarce mai taushin. Ƙarfe mai rufin zinki kuma zai rasa rufinsa idan ya daɗe.

Matsaloli da maganinsu

Idan moto na juyawa ganga ba ta tafiya, bel ne ke sulɓewa: a rage nauyi, a goge maiƙo, a duba sifirin ɗin fulin da ke ɗame shi. Idan moto ya tsaya da kansa ya dawo bayan ya huce, na'urar kariyar zafi ce ke aiki, kuma gargaɗi ne cewa an yi masa lodi. Idan inji yana tafiya a ƙasa, mazubi ya goce daga tsakiya ko ƙafafun ba su daidaita ba. Idan an daɗe ba a ga canji a jikin ƙarfe ba, mazubin ya cika da yawa ko tsakuwar ta yi sumul, sai a canza ta.

Bayan kowane aiki a zare filogi, a share ƙurar da ke kusa da moto, a duba bel da tayoyin ganga. A ƙarshe a sa wa ƙofar kwaɗo, domin gangar tana ɗaukar ƙaramin yaro, yara kuma suna son wurin ɓuya.